Lachie Kunne da Gangunan Sito na Uku

Lachie MacVicar mijin yayata Effie ne, kuma shekara talatin da ɗaya muka yi muna shiga ƙofa ɗaya kowace safiya a gidan yin wiski na Kilmorag. Shi yana rumfar gyaran ganguna, ni ina sito. Duk tsibirin nan ba mai kiransa da sunan ubansa. Lachie Kunne ake ce masa tun yana saurayi, kuma waɗanda suka raɗa masa sunan ba yabo suka nufa ba.

Ubansa masunci ne, kakansa ma haka. Shi kuwa Lachie, da zarar kwalekwale ya bar gaɓa sai amai har ya galabaita. Sau uku uban yana gwada shi. A na ukun ya sauke shi a bakin ruwa a gaban mutane, ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, na uwarsa ne." Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi rumfar ganguna, inda ake jera katako a ɗaure da zoben ƙarfe, a yi ta dukan zoben da guduma har gangar ta matse yadda ko ɗigo ba zai fita ba. Can ya zauna har tsufa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, kuma ba ya son doguwar magana.

Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Zai bi layin ganguna a sito yana ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa, ya ce wannan ta ragu da yawa, waccan tana da tsaga a ƙasa, ku juya ta. A juya, sai ga tsagar. Ranar Lahadi kuma shi ke ba da zabura a coci da Galik, harshen iyayenmu. Ya ja layi ɗaya shi kaɗai, jama'a su amsa, kowa da tasa muryar, har ginin ya ɗauka. Tsofaffin mata na cewa tun da aka gina cocin ba a yi mai ba da waƙa kamarsa ba. A wurin zabura ne Effie ta fara ganinsa, ta dawo gida ta ce wa mahaifiyarmu ita ta ga miji.

Duk wannan ba wanda ya yi musu a kai. Abin da ya ja masa dariya wata magana ce da ya riƙe ya ƙi saki. Ya ce wiski ba shi da ɗanɗano ɗaya, abin da kunne ke ji a lokacin sha yana canza abin da harshe ke ji. Idan teku na rugugi a bayan katanga, in ji shi, ɗaci da hayaƙi ne ke fitowa gaba. Idan Effie na kiɗa da ƙaramar akodiyon ɗinta a kicin, zaƙi ne ke fitowa, kamar an ɗiga zuma. Alhali kwalba ɗaya ce. Shi ba mashayi ba ne, ɗan ƙaramin kofi ɗaya yake sha ranar Asabar, amma wannan kofin sai ya yi rabin awa yana juya shi a baki.

Hector, direban motar kamfani, shi ne kan gaba wajen tsokana. Lokacin shan shayin hantsi zai ɗaga kofinsa ya kai kunne ya ce, "Kunne, zo ka saurara mini, sukari ya isa ko in ƙara?"

"Ƙara, Hector," in ji Lachie. "Bakinka ne mai ɗaci, ba shayin ba."

Wata rana, shekarata ta biyu a aiki, ya same ni ni kaɗai a sito na uku, wanda ke jingine da teku. Ya ja ƙofa ya rufe.

"Ƙanen mata, zo nan. Kai dai ka cika ci, amma bari mu ga ko kana da harshe."

Ya ɗebo kaɗan daga wata ganga ya raba a kofi biyu a kan idona. Ya ce in sha na farko, shi kuma ya yi ta busa wani siririn fito a hankali. Na ji zaƙi kamar na busasshen inabi. Ya ce in kurkure baki in sha na biyu, sai ya ɗauki zoben ƙarfe ya ja shi a kan daɓen dutse, ƙarar ta shiga har haƙorana. Wallahi abin da ya taɓa harshena ɗaci ne da raɗaɗi, kamar na lasa toka.

"To?" in ji shi.

"Akwai wani abu," na ce.

"Akwai wani abu! Ji shi, kamar za a ci shi tara. Je ka ci gaba da aikinka."

Ya tafi yana murmushi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don ba na so a raɗa mini nawa sunan.

A bazarar 1984 Mista Galbraith ya zo daga Glasgow. Shi ne mai haɗa wiski na kamfani, wanda hancinsa da harshensa ke yanke wa kowace ganga hukunci: wannan a ajiye ta ta tsufa, waccan a zuba ta cikin na talakawa. A makon nan wutar lantarki ta lalace a ɓangarenmu, aka girke wani tsohon janareta a bakin ƙofar sito na uku, yana ruri har ƙasa na rawa. Galbraith ya bi layi yana shinshina yana ɗanɗanawa yana tofarwa. Da ya kai layin jikin katanga sai ya yamutsa fuska. Ganga goma sha ɗaya a jere ya sa aka yi wa alama da alli. Ya ce sun yi ɗaci, sun lalace.

Lachie ne ya haɗa gangunan nan da hannunsa, kuma shekara tara yana ƙwanƙwasa su. Ya matso ya cire hularsa.

"Yallaɓai, da za a kashe injin nan ka sake ɗanɗanawa."

Galbraith ya dubi manaja. "Wane ne wannan?"

"Mai gyaran ganga ne, yallaɓai."

"To ya je ya gyara ganga. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan da hanci da harshe. Ban san a tsibirin nan da kunne kuke sha ba."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Lachie ya juya ya nufi ƙofa, muka ɗauka fushi ya yi zai tafi. Sai muka ji injin ya mutu, fitilu suka ɗauke, sito ya yi duhu ya yi tsit, ba abin da ake ji sai ruwa yana lasar katanga daga waje. Muryarsa ta fito daga bakin ƙofa.

"Yanzu sha, yallaɓai."

Galbraith bai sha ba. Ya zubar da abin da ke kofinsa a ƙasa, ya lalubi hanya ya fita. Da yamma manaja ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya ce, "Murdo, kai surukinsa ne. Wannan zancen kunne, akwai gaskiya a ciki, ko mutumin nan ya fara taɓuwa?"

Na ce, "Ni dai ban taɓa jin wani bambanci ba."

Aka dakatar da Lachie mako biyu. Gangunan goma sha ɗaya aka loda su a motar Hector, aka kai su jirgin fito, aka zuba su cikin wiskin da ake sayarwa a tashar mota. Maganar da na yi a ofis ta isa gida kafin ni. Wata guda Yaya Effie ba ta amsa gaisuwata ba. Shi kuwa Lachie, ranar da ya dawo aiki ya ce mini, "Ƙanen mata, miƙo mini gudumar can," kamar ba a yi komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya shirya ni da Effie shi ne, wata Asabar da rana ta zo gidana da sabuwar rakoda a jaka, ta ce in ɗauko makullin sito na uku. Ta ce ba inda muryar mijinta ke fita kamar can, tsakanin katako da dutse, kuma tana so ta ajiye ta. Na buɗe musu. Lachie ya tsaya a tsakiyar layi yana jin kunya, ya ce ba a yin zabura ba 'yan amshi. Effie ta ce, "Ga ni." Haka suka yi, shi yana bayarwa, ita kaɗai tana amsawa da 'yar siririyar muryarta mai rawa, ni ina gadin ƙofa. Kaset ɗaya suka cika, gaba da baya.

Kurumta ta zo masa a hankali. Shekara talatin da wani abu na guduma a kan ƙarfe, a rumfa mai rufin kwano, ba abin toshe kunne. Sa'ad da kamfani ya fara raba abin toshewar, aikin gama ya riga ya gama. Da farko fiton tsuntsaye ne ya ɓace masa, sannan muryar mata, sannan ya fara kallon bakin mutane in suna magana. Ya ɓoye abin iya ƙarfinsa. Ya koma gane ganga da tafin hannu, ya doka da dama ya ɗora hagu ya ji yadda katakon ke rawa.

A coci ne asiri ya tonu. Wata Lahadi ya ja layin farko da murya sama da yadda kowa zai iya kaiwa. Jama'a suka yi ƙoƙari suka kasa, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Shi bai sani ba, idonsa a rufe, ya ci gaba shi kaɗai har baiti uku. Effie ce ta tashi daga wurin zamanta ta je ta taɓa hannunsa. Ya buɗe ido ya dubi mutane, ya rufe littafinsa ya sauko. Bai sake hawa ba. Ba a daɗe ba aka koma yin zabura da Turanci, tun da ba wani mai bayarwa.

A shekarun nan ya daina shan kofinsa na Asabar. Na tambaye shi dalili, na rubuta masa a ɗan littafin da Effie ta rataya masa a wuya. Ya amsa da ƙarfi, yadda kurame ke yi.

"Ya zama salam, Murdo. Zafi kawai nake ji yana sauka. Ba zaƙin, ba ɗacin. Me zan sha a ciki?"

Effie ta rasu a 2009, ciwon da aka gano a makare. Shekara ta zagayo ya ajiye aiki. 'Yarsu ɗaya, Ishbel, tana aikin jinya a garin Paisley can ƙetaren ruwa, ta ce ya dawo wurinta, ya ƙi. Ya zauna da kajinsa shida da kunyar dankalinsa. In na leƙa shi da yamma bayan na tashi aiki, sau da yawa nakan same shi a kicin ya sa kaset ɗin nan a tsohuwar rakoda, ya ƙure murya, ya ɗora tafin hannu a kan lasifikar. Ya ce yana gane inda shi ya tsaya, da inda ita ta karɓa, don nata rawar ta fi laushi a hannu.

Sai aka sayar da gidan wiskin ga wasu manyan 'yan kasuwa da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. A 2016 suka turo wata mai bincike daga jami'a, Dakta Fenella Strachan, yarinya mai ladabi da ke yawo da takalman roba da suka yi mata yawa. Ta tara mu ma'aikata a ɗakin cin abinci, ta sa wa kowa iyafis a kunne, ta ba mu kofi biyu. A na farko ta saka mana wani siririn sauti kamar ƙananan ƙararrawa, a na biyu wani kauri mai gurnani. Ta ce kowa ya rubuta abin da ya ji a baki. Hector, wanda ya yi ritaya amma ba ya jin an ce kyauta ya zauna a gida, ya rantse da kabarin uwarsa kwalba biyu ce daban. Ta ɗago kwalbar ta nuna mana. Ɗaya ce.

Tsofaffin cikinmu ba wanda ya iya kallon wani. Hector ya cire iyafis ɗin ya ajiye, ya ce, "Kai. Kunne."

Ni na ba Dakta Fenella labarin Lachie, ni kuma na kai ta gidansa. Ta zauna a kicin ta saurari labarin janareta daga bakinsa, sannan ta karɓi ɗan littafin ta rubuta da manyan baƙaƙe: Baba, kana da gaskiya. Mun gwada da mutane ɗari uku. Ya daɗe yana kallon rubutun.

"Kin makara da shekara talatin da biyu, 'yata," in ji shi. "Amma na gode. Zauna ki sha shayi."

Na karɓi littafin ni ma, na rubuta cewa ranar nan da ya yi mini fito a sito na ji bambancin sarai, ƙarya na yi wa manaja. Ya karanta ya tura mini littafin.

"Na sani mana. Ai na ga fuskarka ranar. Zuba wa baƙuwa madara."

Da ta ji labarin kaset ɗin sai ta roƙi aronsa. Ta ce tana so ta gwada yadda zaburarmu ke canza ɗanɗano, mako biyu ta dawo da shi. Lachie ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya naɗe kaset ɗin a cikin ɗankwalin Effie ya miƙa mata da hannu biyu.

Ba ta da mugun nufi, har yau ina faɗa. Amma kafin mako biyun su cika kamfani ya ce aikinta ya ƙare, ta tattara duk kayan bincike ta miƙa wa ofis. Ta roƙe su su mayar da kaset ɗin, suka ce za su mayar. Wanda ya karɓa shi ne Mista Pryce, mai kula da talla, mutum mai fara'a da ke kiran kowa abokina. Shi ya ba ni wata takarda mai shafi huɗu ya ce in kai wa tsohon ya sa hannu, izinin bincike ne kawai. Ban karanta ba. Na kai, na rubuta wa Lachie cewa ta Dakta ce. Ya sa hannu.

Bayan wata uku na shiga sito na uku da safe na tarar da ma'aikatan lantarki suna ɗaura wa ganguna ƙananan lasifikoki da igiyar fata, kowace ganga da tata. Suka kunna, sai muryar Lachie ta cika wurin, tana fitowa daga katako sittin a lokaci ɗaya. Pryce na tsaye yana murza hannu.

"Ka ji, abokina? Ba dare ba rana gangunan nan za su yi ta shan waƙar. Wiskin zai tsufa da zabura a jikinsa."

Na ce, "Yallaɓai, ba haka ya ce ba. Ba haka Dakta ta ce ba. Mai sha ne ke ji, ba ganga ba."

"Wa zai sayi wannan dogon bayani? Mutane labari suke saya, Murdo."

Na tsaya na ƙara saurara. Lachie ya ja layi, sai shiru, sai ya ja na gaba. Na tambayi ina amshin.

"Muryar matar? Tana rawa da yawa. Mun sa an goge ta."

Aka sa wa kwalbar suna Zaburar Lachie, da zanen wani dogon tsoho mai gemu yana kallon teku. Lachie bai taɓa ajiye gemu ba, kuma kowa ya san tsakaninsa da teku.

Ranar ƙaddamarwa baƙi suka cika jirgin fito, 'yan jarida da masu shaguna daga birane. Aka kafa rumfa a tsakar gida da azahar, aka soya kifi, aka jera cuku da burodi. Ni aka aika na ɗauko Lachie. Ya sa kwat ɗinsa ta Lahadi, yana zaton Dakta ce za ta faɗi sakamakon bincikenta. A hanya na yi niyyar tsayar da mota in rubuta masa gaskiya, ban tsaya ba.

Aka fara zagayawa da shi sito. Ya ga igiyoyi da lasifikoki a jikin gangunan, ya ɗora hannu a kan ɗaya, ya ji tana rawa. Ya dube ni. Na rubuta masa abin da ake yi a taƙaice. Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ana jin Effie?" Na gyaɗa kai.

A rumfa suka zaunar da shi a gaba, suka sa masa iyafis kamar kowa, suka ba shi kofi. Mutum ɗari da wani abu suka rufe ido suna sauraron muryarsa suna kurɓa, wasu mata har da share hawaye. Shi yana zaune yana kallonsu. Da aka gama Pryce ya kawo masa makirufo, ya ce in rubuta masa tambaya: me ya ji a bakinsa?

Lachie ya miƙe. Da ma muryarsa da ƙarfi take fita, ga kuma makirufo.

"Ruwan zafi na ji. Ni kurma ne. Kuma ku saurara, ganga ba ta da kunne. Katako ce. Shekara arba'in da shida ina dukanta da guduma, ba wadda ta taɓa cewa wayyo. Abin da na faɗa, mutum ne ke ji, bakinsa ya bi kunnensa. Wannan da kuka ɗaura ƙarya ce, kuma zabura ba ta sayarwa ba ce. Ku ba ni kaset ɗin matata in tafi gida."

Suka fashe da dariya. Suka tashi tsaye suna tafi. Wani ɗan jarida kusa da ni ya ce wa abokinsa, "Tsofaffin tsibirin nan akwai barkwanci." Pryce ya rungume shi ta kafaɗa aka ɗauki hoto. Lachie ya ga bakuna a buɗe da hannaye suna haɗuwa, ya juyo ya tambaye ni, "Sun yarda?" Na kama hannunsa muka fita.

Ranar Talata dattawan coci uku suka je gidansa. Sun ga kwalbar a jarida, sun ga hotonsa a gefenta. Suka rubuta masa cewa mutumin da ya sayar da zabura don tallar giya ba zai zauna a teburin Jibin Ubangiji ba sai ya tuba a gaban jama'a. Na je na yi musu bayani, na ce ni na kai takardar, bai san abin da ke ciki ba. Babbansu ya ce, "Sa hannun wa ke jiki, Murdo, naka ko nasa?" Lachie bai yi gardama ba, bai kuma je ya tuba ba. Ya ce ba zai tsaya a gaban mutane ya nemi gafarar abin da bai yi ba. Daga ranar bai sake taka cocin ba, cocin da ya yi wa waƙa shekara ashirin da takwas.

Sau biyar ina zuwa ofis neman kaset ɗin. A na biyar Pryce ya ce sun kwafe shi a kwamfuta, shi kuma tsohon ya bi shara lokacin da aka gyara ofis, shi da tsumman da aka naɗo shi. Ya ce kada in damu, zai sa a ba tsohon kwafi mai kyau, tsaftatacce. Ishbel ta zo hutu ta saurari kwafin, ta ji ba uwarta a ciki. Ba ta san na ɓoye masa ba, ta rubuta masa. Ta kuma rubuta wa kamfani wasiƙu, lauyansu ya aiko mata da hoton takarda mai shafi huɗu.

Da na je gidan bayan wannan, Lachie ya buɗe mini ƙofa, ya ɗora ruwan shayi kamar kullum. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗan littafin, sai ya cire shi daga wuyansa ya sa a aljihu.

"Bar shi, Murdo. Ka rubuta ya isa."

Bai sake ce mini ƙanen mata ba.

Hunturun 2018 ya faɗi a bayan gida ya karya ƙugu, Ishbel ta ɗauke shi ta tafi da shi Paisley. Ya ba maƙwabciya kajin. Sau ɗaya na ziyarce shi a can, a hawa na biyar, yana zaune a bakin taga yana kallon motoci. Ya tambaye ni ko an gyara shingen maƙabartar da Effie take, tumaki na shiga suna tattake furanni. Na gyaɗa kai, wannan karon da gaskiya, don ni na gyara shi. Ya ce madalla. Muka zauna awa biyu, sannan na tashi don kada jirgi ya bar ni.

Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar da ta biyo. Iska ta hana jirgin fito tashi, gawarsa ta kwana biyu a tashar ruwa ta wancan ƙetare kafin a iso da ita. Mutum goma sha tara ne a wurin jana'iza. Hector ya zo da sandarsa, ya nace sai ya kama akwatin, ko da yake da ƙyar yake tsayuwa. Kamfani ya aiko da katafaren fure, da kati da aka rubuta sunan mahaifinsa ba daidai ba. Ishbel ta ɗauke furen ta ajiye a bayan shinge.

Ni yanzu bayana ba ya iya mirgina ganga, sai aka mayar da ni mai zagayawa da baƙi. Akwai takardar abin da ake faɗa a kowace ƙofa, na haddace ta. Litinin bayan jana'izar na koma aiki, aka ba ni mutum goma sha huɗu. A sito na uku na faɗi abin da takardar ta ce in faɗa. Wata mata mai jar hula ta tambaye ni ko na san mai waƙar. Na ce na san shi. Ta ce lallai ya yi sa'a, ba kowa ake tunawa da shi haka ba. Na ce mu ƙarasa ɗakin ɗanɗanawa, a kula da matakalar, akwai santsi.